Famously da Notoriously: Shahara ko Ƙaurin Suna?

Duka kalmomin nan biyu na Turanci suna nufin abin da kowa ya sani, amma ba a musanya su kai tsaye.

Famously ita ce mai sauƙin kai. Da ita ake nuna abin da ya yi fice har ake tunawa da shi, galibi da yabo: idan aka ce Usain Bolt famously ya yi tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, shahara ake nufi. Turawan Ingila kuma kan ce mutum biyu sun get on famously, wato jininsu ya haɗu.

Notoriously kuwa nan ɗalibai ke tuntuɓe. Asalinta daga Latin ne, notus, ma'ana sananne, amma da daɗewa ta koma ɓangaren aibi. Bahaushe yana da daidai ita: ƙaurin suna. Ta fi zama kafin sifa, kamar notoriously difficult ko notoriously slow. Wanda ya ce cunkoson motocin Legas notoriously bad ne, yana cewa muninsa ba labari ba ne, kowa ya shaida. Ba lallai mutum ake zargi ba. Jarrabawa mai wuya ko yanayi mai saurin juyawa duk suna ɗaukarta.

Ni dai na fi jin tausayin mai rubuta wa malaminsa notoriously generous da niyyar yabo. Bature zai ɗauka zolaya ce, ko kuma kyautar ta wuce kima.