Guntun katako ne ya gano ciwon ƙafata

'Yan uwa na gida, yau kwana 19 da yi min aiki a ƙafar dama a nan Birmingham, Alhamdulillah da sauƙi. Waɗanda muka taso tare kun san ƙafar, tafin ya lanƙwashe sama kamar baka, yatsu a ƙudundune, takalmi ta gefe ɗaya yake cinyewa, targaɗe kuwa ko a fili ne sai na yi. Sau nawa aka kai ni wajen mai ɗori ya murza ni ina ihu? Wasu su ce shan inna ne, Gwaggo ta ce sammu na tsallaka.

Jira dai na sha shi, sai likitan unguwa ya tura ka sannan ka zauna wata da watanni kana duba wasiƙa, ga fam 1,035 da baƙo ke biya duk shekara na lafiya. Amma ranar da na ga likitan ƙashi wallahi jikina ya yi sanyi. Na zaci wata na'ura za a jona min, sai mutumin nan ya durƙusa a ƙasa gabana, ya ɗauko guntun katako kaurinsa bai wuce inci ɗaya ba, ya ce in ɗora dunduniya da gefen ƙafa a kai, babban yatsa ya sauka ƙasa. Ya zagaya bayana yana kallo, dunduniyar ta miƙe da kanta. Ya ce to matsalar daga gaba take, ƙashin bayan babban yatsa ne ya nutse yake karkatar da komai, shi za su yanka su ɗaga, su sauya wa wata jijiya mazauni, dunduniya ba sai an taɓa ta ba. Katako fa! Wanda kowane kafinta a Kano zai ba ka kyauta, amma shekara 30 ba wanda ya ce min cire takalmi ka taka in gani.

Da ya tambayi ko akwai mai irinta a dangi sai na tuna marigayi Kawu da tafiyarsa. Gwajin jijiya ya nuna ciwon gado ne, Charcot-Marie-Tooth suke ce masa.

Yanzu an ce sai na cika sati 6 ba taka ƙasa, ina ɗingisawa da sanduna, kullum ni ke tsira wa kaina allurar hana daskarewar jini. Ba ɗan dubiya ko ɗaya, ba mai kawo kunu balle farfesun ƙafar sa. Yaya dan Allah ki duba min takalman yaran nan, ki ga ta ina suke cinyewa.