Feshin GTN ya fi mini ƙwayar ƙarƙashin harshe

Likita ya fara ɗora ni a kan ƙwayar GTN (glyceryl trinitrate, maganin buɗe jijiyoyin jini da ake sakawa ƙarƙashin harshe) saboda ciwon ƙirjin da ƙuncin jijiyoyin zuciya ke kawowa, daga baya ya mayar da ni kan na feshi. Maganin ɗaya ne, amma a zafi irin namu feshin ya fi mini nesa ba kusa ba.

Ƙwayar ba ta da juriya. Da zarar an buɗe kwalbar, ƙarfinta yana raguwa, shi ya sa ake cewa a zubar da ragowar bayan mako 8. Ga shi kuma lokacin hunturu baki a bushe, sai ta zauna ƙarƙashin harshe ta ƙi narkewa, ƙirji kuwa kamar an ɗora masa dutse. Feshin babu wannan jira. In zauna, in ɗaga harshe, in fesa sau ɗaya, in rufe baki. Cikin minti 1 zuwa 3 nauyin ya fara sauka.

Abin da ya sa ba a haɗiye shi: idan ya bi ta ciki, hanta ce ke fara tare shi, ta farfasa kusan dukkansa kafin ya isa inda ake bukata. Ƙarƙashin harshe kuwa kai tsaye yake shiga jini, ya buɗe jijiyoyi, aikin zuciya ya yi sauƙi. Sai dai yadda ya shigo da sauri haka yake fita. Cikin 'yan mintuna rabinsa ya bar jini, amfaninsa bai cika wuce rabin awa ba. Don haka ba ya maye gurbin isosorbide mononitrate, maganin kare ciwon ƙirjin da nake sha kullum, wanda yake daɗewa awanni a jiki, kuma shi ma likita ya tsara mini shi da tazara don kada jiki ya saba da shi.

Aibin feshin shi ne ciwon kai, mai sara sosai a farko, da jiri idan na miƙe da gaggawa. Ya fi ƙwayar tsada, kuma ba kowane kemis ake samunsa ba.

Idan an fesa, aka sake bayan minti 5, ciwon bai lafa ba, asibiti za a nufa nan take. Ku kuma 'yan'uwa maza, don Allah kada a haɗa shi da Viagra ko makamantansa. Jini na iya faɗuwa warwas har a rasa rai.