Photo Mechanic a Hannun Mai Hoton Labarai: Abin da Na Gani a Katsina da Daura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah da kyamara a wuyansa ya san cewa ɗaukar hoton ba shi ne wahalar aikin ba. Dawaki suna zuwa da kansu, ƙura tana tashi, rana tana haska alkyabba da rawani, ko ɗan koyo aka miƙa wa kyamara ba zai rasa abin nunawa ba. Wahalar tana somawa ne bayan Sarki ya shiga gida, lokacin da jama'a suka watse zuwa cin abincin Sallah, kai kuwa kana zaune a gindin bedi da hotuna sama da dubu a cikin kati biyu, ga editan kamfanin dillancin labarai yana jiran ashirin kacal, kowanne da cikakken bayaninsa, kafin wani kamfanin ya riga ku. Domin wannan sa'a guda ce na sayi manhajar Photo Mechanic, kuma da abin da ta yi mini a cikin wannan sa'ar zan auna ta.

Kamfanin Camera Bits na jihar Oregon da ke Amurka ne yake yin ta tun ƙarshen shekarun 1990. Tana aiki a kwamfuta mai Windows da kuma ta Apple. Ya kamata mai niyyar saye ya sani tun farko cewa ba manhajar gyaran hoto ba ce, domin ba za ta ƙara masa haske ko ta gyara masa launi ba. Aikinta shi ne ta kwashe hotuna daga kati, ta nuna su a zaɓa, a rubuta musu bayani, sannan a aika.

Abin da ya fara burge ni shi ne sauri, kuma akwai dalilinsa. Kowane ɗanyen fayil na RAW, wato hoton yadda kyamara ta ɗauke shi kafin a sarrafa shi, yana ɗauke da wani hoton JPEG da kyamara ta riga ta haɗa ta ajiye a cikinsa, to shi manhajar take fitowa da shi, maimakon ta tsaya sarrafa ɗanyen fayil ɗin kamar yadda manhajojin gyara suke yi. Kwamfutata ta hannu ce, ta kwana biyu, amma da na danna maɓallin gaba hoton yake bayyana, ba sai na jira ya washe ba. Tun kati bai gama juyewa ba nake fara dubawa, wanda ya yi mini in danna harafin T in yi masa alama, in wuce. Zaɓen da a da yake cin mini fiye da awa ɗaya yanzu ba ya kai rabin haka.

Sai dai inda kuɗin mutum yake fita shi ne wajen rubuta bayani, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Kamfanonin dillancin labarai, daga Reuters da AFP da AP har zuwa namu na gida NAN, ba hoto tsirara suke rarraba wa jaridu ba. Bayanin yana tafiya ne a cikin fayil ɗin kansa, bisa wani tsari na ƙungiyar IPTC, wadda kafofin labarai suka kafa a 1965 domin su riƙa musayar labarai da hotuna a kan ƙa'ida ɗaya. Tsarin yana da gurabu: na kanun hoto, na cikakken bayani, na sunan mai ɗauka, na kamfanin da za a jingina wa hoton, na gari da jiha da ƙasa, na ranar ɗauka, da na kalmomin da za a nemo hoton da su bayan shekaru. Photo Mechanic tana ba ka fom guda da za ka cike waɗannan gurabun tun kana gida, ta yadda duk hoton da ya sauka daga kati zai sauka da sunanka da garin da ranar a jikinsa. Abin da ya rage maka a fili shi ne jimlar da ta bambanta wannan hoton da wancan.

Ita wannan jimlar tana da nata ladabin. Ta farko takan faɗi wane ne a hoton, me yake yi, a ina, kuma a wace rana, ana rubuta ta kamar yanzu abin yake faruwa. Ta biyu, idan da bukata, ita ce take bayyana dalilin taron. Ba a sa ra'ayi, ba a ce mutum yana murna ko baƙin ciki don kawai fuskarsa ta nuna haka, kuma idan mutane sun fi ɗaya sai a nuna wane ne a hagu, wane ne a dama. Garin ma sai an fayyace shi. Editan da yake zaune a Landan ko Faris ba lallai ne ya san cewa Katsina daban, Katsina-Ala ta jihar Binuwai daban ba, kuma tun da hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da take karewa a Disamba 2024, baƙo yana iya ganin doki da lifidi ya ɗauka Kano ce. Idan ba ka rubuta Katsina da kyau a gurbinta ba, hawanmu zai iya fita a jaridar wata ƙasa da sunan wani gari.

Akwai wata dabara a manhajar da ake yawan yabawa saboda masu hoton wasanni, waɗanda sukan buga lambar rigar ɗan wasa sai cikakken sunansa ya fito. Ni na karkatar da ita zuwa fada. Na rubuta wani ɗan fayil mai layi-layi, kowane layi da gajeriyar lamba a gefe guda da cikakken suna da sarauta a ɗaya gefen. Idan na buga haruffa biyu tsakanin alamomin da aka tanada, sai sunan Mai Martaba Sarkin Katsina Abdulmumini Kabir Usman ya fito cif, ba tare da harafi ya faɗi ba. Haka na yi wa Ƙaura na Rimi, da Galadima na Malumfashi, da 'Yandaka na Dutsin-ma, da Durɓi na Mani, da sauran hakimai, sannan na yi wani fayil daban na Daura wanda sunan Mai Martaba Sarkin Daura Faruk Umar Faruk yake kansa. Wanda ya taɓa rubuta sarauta ɗaya sau talatin da yatsun da suka yi gumi zai san darajar wannan.

To amma manhaja ba ta san fuskar kowa ba. A wani hawa na ɗauki wani mahayi da ya sha amawali, ga 'yan rakiya gaba da baya, na riga na sa a raina cewa hakimi ne, har na buga lambarsa. Allah ya taimake ni na juya ga wani dattijo da yake kusa da ni, wanda daga ganin shigarsa ka san ya daɗe yana bin hawa.

Na ce, "Baba, don Allah wannan shi ne hakimin da kansa?"

Ya dube ni ya ce, "A'a ɗana, wannan ai wakilinsa ne. Shi bana bai hau ba. Ba ka ji yadda maroƙin yake kiransa ba ne?"

Ban ji ba, domin idona yana cikin kyamara. Na yi masa godiya, na goge abin da na rubuta. Tun daga ranar nake tafiya da ƙaramin littafi, ina rubuta lambar hoto da sunan da aka tabbatar mini, kuma wanda ban tabbatar ba sai in ce wani mahayi ne daga tawagar hakimi kaza, wanda ya fi mini sauƙi a kan in naɗa wa mutum rawanin da ba nasa ba.

Kuskuren da ban tsira daga gare shi ba kuwa nawa ne ni kaɗai. Na je Daura ɗaukar Sallar Gani, na manta ban sauya fom ɗin da na cike a wani aikin Katsina ba. Manhajar ta yi abin da aka umarce ta: ta buga wa kowane hoto Katsina a gurbin gari. Hotuna goma sha takwas na aika, ciki har da na Rijiyar Kusugu, duk suna cewa a Katsina aka ɗauke su. Ina hanyar dawowa editan ya kira ni, cikin ladabi amma murya a daƙile, yana tambaya yaushe aka mayar da Kusugu Katsina. Huɗu daga ciki sun riga sun fita, dole kamfanin ya bi su da sanarwar gyara ga duk jaridun da suke karɓar hotunansa. Saurin da take cike gurabu da shi, da shi take yaɗa kuskure, don haka yanzu kafin in sa kati sai na buɗe fom na karanta shi tun daga sama har ƙasa. Agogon kyamara ma nakan duba, ko da yake manhajar tana da hanyar gyara lokacin ɗauka na hotuna da yawa a tashi ɗaya idan agogon ya kauce.

Wajen aikawa, tana tura hotuna kai tsaye zuwa rumbun kamfanin ta hanyar FTP, wato tsarin aika fayil ta intanet, tana sauya musu suna bisa tsarin da editan yake so, kuma tana iya rage musu nauyi a kan hanya. Wannan ya yi mini rana a Daura ranar 15 ga Yuli 2025, lokacin jana'izar tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, da garin ya cika maƙil, kowa yana kan waya, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Na fara tura uku mafi muhimmanci da ƙaramin nauyi, sauran suka biyo baya da dare. Abokan aikinmu da suke tura hoto ta WhatsApp su lura cewa idan aka tura shi a matsayin hoto, ana matse shi, bayanin da ke cikinsa kuma ya zube, sai dai a tura shi a matsayin fayil.

Rashin kayan gyara a cikinta, wanda wasu suke gani aibi, ni bai dame ni ba. A 2015 Reuters ta umarci masu yi mata aiki daga waje su riƙa aiko JPEG ɗin da kyamara ta fitar, da ɗan gyara kaɗan kawai, a 2014 kuma AP ta raba gari da wani mai hoto da ya goge kyamarar abokin aikinsa daga wani hoton yaƙin Siriya. Datse gefen hoto shi ne yawancin abin da nake bukata, kuma tana yin sa ba tare da ta taɓa ainihin fayil ɗin ba. Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Manhajar tana karɓar ƙ da ɗ da ɓ, amma ba kowace na'ura da ke can ɓangaren masu karɓa take karanta su ba, na taɓa ganin Ƙofar Soro ta isa da alamar tambaya a madadin harafin farko. Ga jaridun Hausa nakan bar su, ga na waje kuwa nakan tambayi editan tukuna.

Saura kuɗi. Da dala ake biya, ko dai wata-wata ko shekara-shekara ko a saya gaba ɗaya, kuma duk mai karɓar ladan aikinsa da naira ya san yadda wannan lissafin yake tashi. Fuskarta ma ba ta da ado, ga saituna birjik da za su rikita sabon shiga a makon farko. Mai hoton biki da suna, ko wakilin da yake aika hoto biyu ko uku a mako, ba ya bukatarta: manhajojin Adobe Bridge da XnView MP duk suna cike gurabun IPTC, manhajar ExifTool kuma kyauta ce ga wanda bai tsoron rubuta umarni da hannu. Wanda na ga ta dace da shi shi ne mai dawowa da ɗaruruwan hotuna alhali edita yana duba agogo. Kamfanin yana ba da gwajin kwana 30 kyauta, kuma shawarata ita ce kada a ɓarnatar da shi a watan da babu aiki. A sauke ta saura mako biyu Sallah, a yi amfani da kwanakin farko wajen rubuta fayil ɗin sarautu da cike fom, sannan a gwada ta ranar hawa. Ni nawa biyan zai ƙare kafin Babbar Sallah, kuma na riga na ware kuɗin sabuntawa.