Manaja mai kafa doka da manaja mai shiga aiki: wanne ya fi rage ɓarna a otal?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko doka da yankan albashi sun fi sa ma'aikatan otal su rage ɓarnar ruwa da wuta da abinci, ko kuwa manajan da ke sa hannu cikin aikin da kansa. Ni na biyun nake goyon baya.

Manaja mai doka yana ganin sakamako da wuri. Ya manna takarda a ɗakin wanki da kicin, ya ce a kashe na'urar sanyaya ɗaki da zarar baƙo ya tafi, kowa ya bi. Sai dai biyayyar ta ganin ido ce. Kuma sau da yawa umarninsa na cin karo da juna. Zai ce wa mai gyaran ɗaki ta bar tawul ɗin da baƙo ya rataye, amma in baƙon ya yi ƙorafi ita za a yi wa faɗa. To me za ta yi? Sai ta kwashe tawul duka ta kai wanki don ta tsira da aikinta.

Na biyun yakan sa a riƙa auna ragowar abinci a sikeli kowane dare, ya tsaya da masu girki su duba tare, su rage abin da ke yawan dawowa. In mai shara ta ce famfon banɗaki na ɗiga, a ranar ake gyarawa, gobe ma za ta sake kawo rahoto ba tare da an tambaye ta ba. Wannan hanya tana ɗaukar lokaci, amma ita ke ɗorewa ko manaja baya nan. Shi ya sa shaidar Green Key, wadda ake ba otal-otal masu kula da muhalli, aka kuma faro ta a Danmak a 1994, ta sa horar da ma'aikata da shigar da su cikin sharuɗɗanta.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe: kada tanadin ya fito daga aljihun ma'aikaci. A yajin aikin ma'aikatan otal-otal ɗin kamfanin Marriott a Amurka a 2018, masu gyaran ɗaki sun koka da shirin da ke ba baƙi lada in sun ƙi a share musu ɗaki, domin awanninsu na aiki sun ragu, ɗakunan kuma sun ƙara datti ranar da aka zo gyarawa.