Gargaɗi ga masu sayen gida a Maraɗi: jika 350 ɗina sun tafi a kan izinin ƙofar mota

Na daɗe ina riƙe wannan magana saboda kunya, amma yau baƙin ciki ya rinjayi kunyar. Wani dillali ya karɓi jika 350 a hannuna, sefa 350.000 cif, da sunan zai ciro mini izinin buɗe ƙofar mota a gidan da na saya a unguwar Ali Ɗan Sofo, kuma takardar da ya kawo mini ta jabu ce.

Ƙofar gidan ɗaya ce, tana cikin lungun da ko amalanke da ƙyar take juyawa. Bayan gidan ne yake kallon babbar hanya, kuma tsakanin katanga da hanyar akwai lambatun siminti. Ranar da muka je dubawa, bayan la'asar, na tsaya a bakin lambatun na gaya masa ƙarara cewa ba zan sayi gidan da motata za ta kwana a waje ba. Sai ya dafa katangar ya ce: "Alhaji, nan za a fasa, a rufe lambatun da kankare, motarka ta shiga har tsakar gida. Izinin magajin gari kuwa ka bar shi a wuyana." Har yanzu idan na kwanta, hannun nan nasa nake gani a kan katangar, ina jin yadda ya ce a wuyana, bai ko ƙifta ido ba.

Kada wani ya ce mini sakaci na yi. Na fi shekara 20 ina fatauci tsakanin Maraɗi da Jibiya da Katsina, kuma ba a taɓa yi mini irin wannan ba. Na duba takardar mallakar filin, na gwada lambar fegin da ta taswira, na je wurin mai unguwa, na kawo shaidu, kuma duk waɗannan sun fita daidai. Abu ɗaya tak na bari a hannun wani, shi ma don dangin mai ɗakina ne suka haɗa mu, kuma sau da yawa sahu ɗaya muke sallar Juma'a.

Magini ya riga ya fasa katanga, an sauke siminti da rodi, mai walda ya gama ƙofar ƙarfe, sai ga ma'aikatan magajin gari sun zo sun tsayar da aikin. Na shiga ɗaki da ƙarfin gwiwata na ɗauko takardar, da hatiminta da sa hannunta. Ban ma faɗa ba, kuɗin ba a tashi ɗaya na ba shi ba. Jika 200 ya fara karɓa tun kafin a gama cinikin gidan, sannan ya dawo da dare bayan kwana 9 ya ce sai an ƙara jika 150 na masu awo. Jika 200 da jika 150, babu rasit ko ɗaya, domin ya ce rasit yana fitowa tare da izini. Da izinin ya zo ban sake tambaya ba, wannan kam gaskiya ne, to amma wane ne zai ga hatimi ya tsaya neman rasit?

A ofishin magajin gari aka buɗe rajista a gabana, babu lambar, babu sunana. Ma'aikatan ba su yi mini laifin komai ba, sun ma yi mini bayani cikin mutunci cewa lambatu da bakin hanya na jama'a ne, ba sa cikin fegin da na saya, don haka mai gida ba ya iya sayar da su balle dillali. Mai gidan ne yake rubuta buƙata da sunansa, a zo a duba wurin, domin rufin da aka yi ba daidai ba yana toshe ruwa, kuma duk ɗan garin nan ya san yadda ruwan Agusta yake gangarowa zuwa Gulbi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an ce wurin ya matsa kusa da mahaɗar hanya, ko na nema da kaina ba lalle a yarda ba. Ke nan gidan da na saya don ƙofar mota yana iya zama babu ita har abada.

Wanda ya sayar mini ya rantse bai san da maganar ba. Wayar dillalin a kashe take mako 3 ke nan. Na kai ƙara wurin ƴan sanda, kuma hotunan hirarmu ta WhatsApp da saƙonninsa na murya da hoton takardar duk suna nan, zan saka su da zarar an ba ni dama.

Ku je ofis da ƙafarku kafin ku biya kuɗin gida, kuma kada ku ba dillali ko dala babu rasit. Ni dai ga katangata a fashe an kare ta da kwano, ƙofar ƙarfe tana jingine a tsakar gida, motar tana kwana a ƙofar wani maƙwabci ina biyan mai gadi, kuma jika 350 ɗina suna hannun mutumin da ya ce in bar komai a wuyansa.