Catalhoyuk: kufai mai hawa 18, da ɗan rakiyar da ya ci kuɗinsa

Na biya kuɗin yawon rabin yini daga birnin Konya na Turkiyya zuwa Catalhoyuk, mota da ɗan rakiya duk a ciki. Direba ya makara, ruwan shan da aka yi mana alkawari kuwa ko ɗigo ban gani ba. Wannan na yafe.

Daga nesa tudu ne kawai a tsakiyar gonaki. Ashe gidaje ne. Idan gida ya tsufa sai a rushe samansa, a cike shi da ƙasa, a ɗora sabo a kai, har aka yi hawa 18, tun wajen shekara 9,000 da suka wuce. Wani Bature ɗan Ingila, James Mellaart, ya gano wurin a 1958, ya fara tono a 1961. Wani masanin tono kayan tarihi, Ian Hodder, ya ci gaba daga 1993, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2012.

Abin da ya fi burge ni da ɗan rakiyar, bai kai mu ramukan tono ba sai da ya shigar da mu gidan kwaikwayon da aka gina irin na mutanen da suka zauna a wurin. Ginin tubali ne, an shafe shi da farar ƙasa. Wanda ya tashi a soron ƙasa ba zai ji baƙunta ba. Amma garin ba lungu, ba ƙofar gida. Bango na jingine da bango, ta kan rufi ake tafiya, a sauko da tsani, murhu na ƙarƙashin tsanin don hayaƙi ya bi kafar ya fita. Da ya nuna dakalin kwana ya ce a ƙarƙashinsa suke binne mamatansu, sai da na ja da baya.

Bayan haka ne da muka hau gadar katako cikin rumfar da ta rufe ramukan tono, na riƙa gane murhu da dakali da kaina. Da ni kaɗai na je, da ramuka kawai zan gani.

Ƙorafina ɗaya: ba wanda ya gaya mana tun farko cewa shahararren gunkin wata mata a zaune, wanda aka tono a wurin, yana gidan tarihi na Ankara. Na ba masu shirya yawon maki huɗu cikin biyar. Mai zuwa ya tafi da sassafe, rumfar akwai zafi, ya kuma riƙe ruwansa.