Jawo imel ɗin jami'a cikin Gmail: akwai sauƙi, amma jinkirin ya yi yawa

Maganar gaskiya, haɗa adireshin jami'a mai .edu.ng da Gmail ɗinka na kanka yana rage wahala. Akwati ɗaya, kalmar sirri ɗaya, ba sai ka riƙa shiga shafin makaranta mai nauyi ba. Saitin ma, yadda yake kafin 2026, ba wuya: a kwamfuta ka shiga Settings, sai Accounts and Import, ka sa adireshin da sabar POP ta jami'a (saba ita ce kwamfutar da ke ajiye wasiƙu, POP kuma hanyar kwaso su), lambar ƙofa (port) 995 tare da tsaron SSL. Don aikawa da sunan jami'a kuwa, SMTP ne, wato hanyar aika wasiƙa, a ƙofa 587 da tsaron TLS, sannan a turo maka lambar tabbatarwa.

Abin da ya ɓata min rai da tsarin shi ne jira. Saƙo ba ya faɗowa nan take. Gmail ce ke leƙa sabar jami'a lokacin da ta ga dama, kuma idan akwatin ba ya yawan samun wasiƙu, tazarar tana iya kai wa kusan awa guda. Lambar shiga shafin mujalla ko ta sauya kalmar sirri kan mutu cikin 'yan mintuna, kafin ta iso ta riga ta zama banza. Malami ya ɗage lokacin ganawa da safe, ɗalibi bai gani ba sai ya isa ofis. Dole ka koma Settings ka danna Check mail now da hannunka, to ina sauƙin da aka ce?

Ga kuma wani ɗan akwati da ake tsallakewa wajen saiti, na barin kwafin saƙo a saba. Idan ba ka sa masa alama ba, duk abin da Gmail ta ɗauko sai ya goge daga akwatin jami'a. POP kuma akwatin shiga kawai yake kwasowa. Abin da matatar jami'a ta jefa cikin spam ba za ka taɓa ganinsa ba.

Da na ce a yi haƙuri da shi haka, amma jami'o'in da imel ɗinsu ke kan Microsoft 365 tun Oktoban 2022 aka rufe musu shiga POP da kalmar sirri zalla, ita ma Google ta sanar cewa daga 2026 za ta janye wannan hanya ta jawo saƙo cikin Gmail da POP. Gara ka kunna tura saƙo kai tsaye daga akwatin jami'a idan sashen ICT ya yarda, ko ka ƙara adireshin a manhajar imel ta waya ta hanyar IMAP, mai nuna maka wasiƙun da ke kan sabar jami'a kai tsaye.